Takun da Inna Ta Sani

Mun tashi daga Damagaram ana idar da sallar asuba, mu biyu, ni da mutumin da ya ƙera mini ƙafa. Waɗanda suka san ni a kasuwa sun san ƙafata ta hagu ta roba ce daga ƙasan gwiwa, tun ina saurayi motar tattasai ta kife da mu aka yanke ta. Wanda bai san ni ba ma, a da, yana iya gane ni daga nesa, domin tsohuwar ƙafar ba ta da sirri. Idon sawunta a sandare yake kamar taɓarya. In na taka sai ta ce ƙwas, sannan in jawo ta ta share ƙasa. Matata kan ce ba ta taɓa bukatar sallamata ba, tun ina bakin layi take ɗora ruwan shayi.

Wannan sabuwar kuwa wani abu ce daban. Mutumin nawa ya daɗe yana fama da ita a wurin aikinsu, ya kira ni awo ya fi a ƙirga. Ya yi mata gaɓa a idon sawu, ya sa roba mai tauri gaba da baya, yadda in dunduniya ta sauka ƙafar za ta ɗan rusuna, in na ɗaga ta tura ni gaba. Akwai wani noti a gefe, in an ɗaure shi ta ƙara tsauri, in an sassauta ta yi laushi. Ranar da na fara takawa da ita na shiga gida matata na tankaɗe, na tsaya a kanta ba ta sani ba, da ta ɗago sai da ta yi salati ta zubar da gari. Har yau ba ta yafe mini garin nan ba.

Dalilin tafiyar biyu ne. Ƙanwata da ke aure a Diffa, wadda mahaifiyarmu ke hannunta, ta bugo ta ce Inna ta rage cin abinci, sai ɗan kunu, shi ma da lallashi. Shi kuma mutumin nawa da ya ji zan tafi sai ya maƙale, wai Damagaram dutse ne da siminti, yana son ya ga ƙafarsa a cikin rairayi da laka. Haka yake cewa, ƙafarsa. Ni ɗaukarta kawai nake yi.

Kar ɗin, wato babbar motar fasinja, ya cika maƙil, har tsakiya an jera kujerun roba. Mun wuce Mirya gari bai gama wayewa ba, a Gidimuni masu rake da dabino suka yanyame tagogi. Na sayi rake don in kai wa Inna, sai da muka yi nisa na tuna ba ta da haƙoran shansa, muka shanye abinmu. Gudron ɗin, wato kwaltar, wani wuri sumul, wani wuri sai direba ya sauka gefe ya bi ta daji, ya fi sauƙi. Duk ramin da muka faɗa mutumin nawa sai ya leƙa ƙasa ya tambaye ni ko na ji motsi a gaɓar. Na ce masa gaɓar ƙalau take, bayana ne ke neman mai gyara.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne shingayen bincike. Daga Gure zuwa gaba suna da yawa, kowa ya sauka da katinsa a hannu, ya taka ya ƙetare. A da, da na sauko suka ji ƙwas, sai wani ya ce a bar bawan Allah ya koma mota. Yanzu babu wanda ya dube ni sau biyu, na bi layi cikin rana kamar kowa. Na rasa murna zan yi ko haushi zan ji. A wani shingen aka shafa mini abin nan mai kuka in ya ji ƙarfe, yana zuwa ƙaurina ya kwarma ihu. Nan take aka ja baya, fasinjoji suka watse, wani sojan ya gyara riƙon bindigarsa. Na ɗaga hannu ɗaya sama, ɗaya na naɗe wando a hankali ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da suka ga abin da ke nan sai dariya, har babbansu ya sa na yi tafiya na dawo don ya gani da idonsa. Mutumin nawa ya tsaya a gefe yana washe baki kamar an yaba ɗansa a makaranta.

A Gure muka ci shinkafa da wake da mai da yaji, an ce farashin ya hau, amma cokalin mai sayarwar ne na ga ya ƙanƙance. Bayan Gudumariya ƙasa ta sake kama. Tuddan rairayi sun matso har bakin hanya, wani wuri sun hau kanta sun kwanta, sai ka hango kwari can ƙasa cike da dabino da goriba kore shar, ka rasa daga ina ruwansu yake.

A Maine-Sorowa aka tsaya sallar azahar. Muna idarwa mutumin nawa ya ja ni bayan tasha inda rairayi ke da laushi, ya ce in taka zuwa wata bishiya in dawo. Na taka. Ya durƙusa a kan sawayena da ɗan tsinke yana auna zurfin dunduniya da na yatsu, yana ɗauka a waya, har yana ɗibar rairayin yana murzawa. Wata dattijuwa mai dabino ta yafito ni, ta rage murya.

“Alhaji, wannan mutum ka san shi? Ƙasar sawunka yana ɗiba fa. Ni na gani da idona.”

Na ce abokin tafiyata ne, aikinsa ke nan. Ta dube ni da tausayi, ta ce ai dama na kusa ne ke yi wa mutum. Kafin in ƙara magana ta tashi ta bi sawayen nan ɗaya bayan ɗaya tana sharewa da tafin ƙafarta tana tofi. Mutumin nawa kamar ya yi kuka. Ni kuwa na sayi dabinonta kwano guda, don tsakani da Allah tun da nake ba a taɓa kare ni daga sammu da gaggawa haka ba.

Mun shiga Diffa bayan la'asar. Garin ya ƙara faɗi, rumfunan waɗanda suka baro bakin kogi sun zama unguwanni, wasu har sun yi ginin ƙasa. Ko'ina ƙamshin tattasai da banda. Mai adaidaitan da ya ɗauke mu ya faɗi kuɗinsa, na miƙa sefa, ya ce shi da naira ya yi magana, muka tsaya lissafi har wani mai shago ya raba mu. A ɗan tsakanin tasha da gida na ji barbarci, na ji fillanci, na ji larabci, na ji wata hausar da sai na karkata kunne. Ni da aka haifa a kwarin nan sai ga ni ina amsa wushe, gaisuwar Barebari, da lafiya lau kamar baƙo.

A nan sai na ɗan koma baya, don ku gane abin da ya same ni a gidan. Mahaifinmu mutumin Damagaram ne, sayen tattasai ya kawo shi wani ƙauye a bakin Kumadugu, ya zauna, a nan aka haife mu. Ni ne ɗan fari. Ku da kuka san kunyar ɗan fari kun san sauran. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba, in na gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a gajarce. In za ta yi zancena sai ta ce na Damagaram. Ban taɓa riƙe ta da wannan ba, haka aka yi wa kowa, amma ban ce ban ji ba. Autanmu kuwa shi ne ɗan ɗaki. Muryarmu ɗaya da shi, ko a waya ƙanwata ba ta raba mu sai mun faɗa. Da idon Inna ya rufe, da taku take gane mu, ni da ƙwas ɗina, shi da tafiyarsa mai sauƙi. A shekarun da aka shiga tashin hankali ya tafi wajen Barwa sayen kifi, bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Mun yi nema har muka gaji, muka yi masa addu'a, amma Inna ba ta taɓa yarda a ce marigayi a gabanta ba.

Duk wannan na san shi, amma wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba a hanya. Na bar mutumin nawa a zaure tare da mijin ƙanwata, na ratsa tsakar gida da saurina, na yi sallama a ƙofar ɗakinta. Tana kwance a kan tabarma ta juya wa ƙofa baya, ta rame ƙwarai. Sai na ga ta yunƙura ta tashi zaune, abin da aka ce ta kwana biyu ba ta yi da kanta ba. Ta miƙo hannu biyu.

“Auta? Auta, kai ne?”

Na ce, “Inna, ni ne.”

“Na san kai ne. Zo nan. Zo nan, ɗan nema.”

Na durƙusa. Na ce, “Inna, na Damagaram ne fa.”

Sai ta yi dariya, dariyar da na manta tana da ita. “Har yanzu ba ka bar tsokana ba? Wancan tun daga bakin titi nake jin shi. Matso.”

Na waiga wajen ƙanwata. Tana tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba, tana girgiza mini kai. Ban san me girgizar ke nufi ba, in yi shiru ko in yi magana. Kafin in gane, hannun Inna ya kai fuskata. Ta shafa goshina, ta shafa gemuna, ta ce na tsufa, ta ce wahala ta ci ni. Ina jira ta gane, ai uwa ba ta ɓata fuskar ɗanta. Sai daga baya na tuna rabon da hannunta ya taɓa fuskata tun ban yi wayo ba, ba ta da abin da za ta gwada da shi. Na naɗe ƙafar hagu can baya kamar wanda ya sato ta. Ba ta tambaye ni inda na shiga ba, ta ce ba ta son ji, tun da na dawo shi ke nan. Ta ce a kawo tuwo. Ta ci, ta sa ni na ci a kwano ɗaya da ita, tana tura mini tsokar kifi gabana.

Da na fito muka yi ta da ƙanwata a bayan madafa, murya ƙasa-ƙasa. Na ce wannan ƙarya ce, kuma uwa ake yi wa. Ta ce, “Yaya, ka ga abin da ta ci? To je ka faɗa mata. Je ka kashe mata shi da bakinka, ni ba zan iya ba.” Na ce to ni fa, ni da na taso tun daga Damagaram, ban zo ba ke nan? Ta ce wannan kuma ni ya dama. Na koma zaure na ba mutumin nawa labari. Kafin ya tuna ya yi jimami sai da idonsa ya yi ƙyalli. Ya ce, “Bon, Alhaji, ka san ma'anar wannan? Ko kunnen makaho bai kama bambanci ba!” Na dube shi har ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Washegari na gudu daga gidan, gaskiyar magana ke nan. Na ce wa Inna zan gaida mutane, muka bi wata mota mai zuwa gonakin bakin kogi, ba nisa da gari, don can ciki ba a shiga yadda aka ga dama. Lokacin tsinkar tattasai ne. An shanya shi a fili ja wur iya ganinka, mata na juya shi da sanda, tari da atishawa ko'ina. Injinan ban ruwa na ta ƙugi, ruwa na bin ƙananan hanyoyi yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Kumadugu ya kawo ruwa sosai, ga ƙasar Najeriya a ƙetare kamar ka yi jifa ya sauka. Wani manomi ya ba mu ɗanyen tattasai da gasasshen kifi, ya ƙi karɓar komai, ya ce ya san mahaifinmu.

Mutumin nawa ya samu abin da ya zo nema. Ya sa na hau kunyar fangali, na sauka cikin laka, na hau gangaren kogi na sauko. A gangare ƙafar ta yi abin mamaki, ta kwanta ta bi ƙasa, ban yi tafiyar kaguwa irin ta da ba. A kan kunya kuwa, inda ƙasa ta karkace gefe, ta kusa kayar da ni, don gaba da baya kawai ta iya. Rairayi kuma ya shiga gaɓar tana ƙiƙi-ƙiƙi. Ya zauna ya cire ta ya wanke, yana magana shi kaɗai, wai sai ya yi mata riga ta roba, sai ya ba ta ɗan wasa ta gefe. Ni ina zaune da dungu a waje ina kallon ruwa. A irin wannan gaɓar kogin Auta ya koyi iyo, ni na koya masa, lokacin ina da ƙafa biyu. Na yi ƙoƙarin in yi tunani mai kan gado na kasa. In na faɗa mata, na raba ta da ɗa sau biyu. In na yi shiru, na ci tuwon da ba nawa ba, kuma ni na ɓata a madadinsa.

Da muka koma gari na tari limamin unguwar bayan azahar na karanta masa komai. Ya ce ƙarya ba ta da kyau, balle ga mahaifiya. Na ce to. Ya ce amma faranta ran mahaifiya da ceton lafiyarta babban abu ne. Na ce to. Ya ce kuma ai na faɗa mata gaskiya ita ce ta ƙi karɓa. Na ce to yanzu me zan yi? Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya sa takalmansa ya tafi. Na je da tambaya ɗaya na dawo da uku.

Na shiga wurinta da niyyar in kama hannunta in ɗora a kan robar, a gama. Na tarar an yi mata wanka, ta sa a ɗaura mata sabon kallabi. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Muna cikin hira sai ta ce, “Yayanka fa? Ka biya ta wurinshi?” Na ce na biya. Ta tambaya ko lafiyarsa, na ce lafiya lau. Sannan ta fara magana a hankali, ba ni take kallo ba, dama ba ta kallon kowa.

Ta ce ranar da aka kawo labarin motar tana daka. Mata sun cika gidan ana kuka, ita ba ta da halin yi, ɗan fari ne, sai ta ɗauki tulu ta tafi kogi kamar mai ɗibar ruwa ta yi nata a can. Ta ce ta zo likita, wato asibitin da aka kwantar da ni a Diffa, ba wanda ya sani, ta tsaya ta bayan taga ta ga inda zanen ya kwanta babu ƙafa a ƙarƙashinsa, ta juya ba ta shiga ba. Ni kuwa duk tsawon shekarun nan na ɗauka ba ta zo ba. Ta ce tun daga nan kunnenta na kan tafiyata. In ƙarar ta yi sauƙi ta san lafiya, in ta yi nauyi ta san dungun ya yi ƙuna, sai ta sa ƙanwata ta ajiye man kaɗanya inda zan gani.

“Ya daɗe bai zo ba,” in ji ta. “Ina ta saurare. Kai ka dawo, shi kuma shiru.”

Sai ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta ce Allah ya mayar masa da ƙafarsa a aljanna. Ta kuma faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, a bakinta. Na haura hamsin ban taɓa jin yadda yake fita daga bakin nan ba, kuma da na ji, ba ni ake faɗa wa ba. Na ce amin da muryar da ban san ko ta wa ce ba. Na fita na tsaya bayan ɗaki na yi kuka irin na yara, ba na jin kunyar faɗa.

Da safe na sami mutumin nawa yana shan shayi na ce ya ɗaure notin nan har ƙarshe. Ya ce ƙafar za ta sandare. Na ce haka nake so, kuma ina son ƙarar ta dawo. Ya ajiye kofi. Ya ce in san irin daɗewar da ya yi yana korar ƙarar nan. Na ce na sani. Ya yi ta kallona, sannan ya buɗe jakarsa. Ya ɗaure notin, ya saka wani ɗan zoben ƙarfe ya bar shi sako-sako. Na taka, ya ce a'a, ta da ta fi wannan kauri, ya sake. Sai da ya gwada zobe kala-kala yana karkata kai yana saurare, da irin natsuwar da ya ƙera gaɓar, har ƙanwata ta leƙo daga madafa ta ce ita ce. Garin neman gira ne ko garin gyaranta, ban sani ba, amma ranar na ƙara ganin girmansa.

Na fita har bakin titi na juyo. Ƙwas, in ja. Ƙwas, in ja. Ƙuguna ya riga ya manta wannan tafiyar, kafin in kai zaure ya fara ciwo. Na yi sallama a ƙofarta. Tana zaune, ta riga ta juya fuskarta wajen bango, ta ja kallabi ta rufe gefen fuska.

“An zo?”

“Na zo, Inna. Ya jiki?”

“Da sauƙi. Ya mutanen gidan?”

Shi ke nan. Na zauna nesa da tabarmar inda na saba zama. Babu hannu, babu kwano ɗaya. Amma na ga ɗan yatsanta na motsi a kan gwiwarta, na kuma ji ta ce wa ƙanwata, kamar zancen bai shafe ni ba, wai tafiyar nan ta yi nauyi, a duba ko akwai sauran man kaɗanya. Can ta ce, har yanzu fuskarta na bango, “Ƙanenka ya dawo.” Na ce na ji. Ta ce, “Kai ne babba. Ka tafi da shi Damagaram ka sa shi a shago. Kada ka bar shi ya koma wajen ruwan nan. Na ba ka amana.” Bakina ya buɗe don in faɗi abin da ya kamata in faɗa. Abin da ya fito shi ne, “To, Inna.”

Da yamma aka sassauta notin aka cire zoben, Auta, wato ni, ya shiga ya yi sallama. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta kwance goron da ta ƙulla a gefen zane ta ba shi, ta ce ya yi wa yayansa biyayya don ya sha wahala. Ni kuwa, da aka sake ɗaurewa na shiga, na samu Allah ya kiyaye hanya. Duka biyun na karɓa na sa a aljihu ɗaya.

Hanyar dawowa ban ga komai ba. Na san mun tsaya a Maine-Sorowa don mutumin nawa ya ƙi sauka, yana tsoron mai dabino. Na san an shafa mini abin nan ya yi kuka, na naɗe wando tun kafin a tambaya. Wajen Gure ya tambaye ni yadda nake son ya bar notin, a ɗaure ko a sake. Na ce ya bar shi a sake, bayana ba zai iya komawa gidan jiya ba, amma ya ba ni sifanar ɗaure notin da zoben. Ya ba ni. Mun shiga Damagaram ana kiran magariba, na shiga gida matata ba ta ji ni ba, wannan karon na yi gyaran murya tun daga zaure.

An ce tafiya mabuɗin ilmi, to ni dai ta buɗe mini ƙofofin da ban san yadda ake rufe su ba. Na koyi cewa ƙafar nan tana son riga saboda rairayi, tana kuma son ta iya karkata gefe, mai ita ya riga ya fara aikin, kuma ina yi wa duk mai irin lalurata fatan ya samu irinta, don sauƙin da na ji a gangaren Kumadugu ba ƙarami ba ne. Na koyi cewa abin da na yi shekaru ina jin kunyarsa a titi, shi wata take kasa kunne tana jira. Sauran ban gane ba. Ban san ko na kyauta ba, ban san ko zunubi na ɗauko ba, in akwai mai sani a cikinku ya faɗa mini a hankali.

Shekaranjiya ƙanwata ta bugo. Ta ce Inna na cin abinci, har tana fita tsakar gida shan hantsi, ta tambaya ko Auta ya saba da shago. Na ce a ce mata ya saba. Sai ƙanwata ta ce akwai saƙo. Inna ta ce in Allah ya kai mu Sallah mu zo tare, mu shigo lokaci ɗaya, tana son ta ji takunmu mu biyu a tsakar gida ko sau ɗaya ne kafin ta mutu. Ƙanwata na jiran amsa, ni kuma ina juya zoben nan a hannuna, har layin ya yanke.